Azumin da Na Yafe Kafin In Tambaya

Azumin bana a tsakiyar bazara ya faɗo. Tun da hantsi kwalta take laushi a hanyar Lamashegu a nan Tamale, kujerar babur kuma ba ta zaunuwa sai ka shimfiɗa mata tsumma. A ofishinmu akwai na'urar sanyi, ba don mu aka sa ta ba, don injinan da ke ajiye bayanan ƙungiya ne, mu dai muna cin albarkacinsu. Ina zaune a can wata ranar Talata, leɓena a bushe, sai wayata ta yi ƙara. Ban san lambar ba, amma muryar ba ta buƙatar suna.

"Nuhu ɗan Mma, injiniyan injiniyoyi. Kana nan da ranka?"

Razak ne. Rabon da ya kira ni ya kai shekara goma, wataƙila ya ɗan haura. Ya ce ya shigo Tamale, zai zo ya sha ruwa a wurin Mma, yana kuma da magana mai daɗi. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Da na ajiye wayar sai na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancina, a ɗakin da ko taga babu.

Wancan azumin, na shekarar da muka rabu da Razak, a damina ya zo, ko in ce a lokacin da ya kamata a ce damina ce. An yi ruwa a farko, mutane suka yi murna, sai ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa ledoji sama, sannan ya watse ya bar mu da gumi. Hatsin bara ya ƙare a rumbuna, na bana ko shuka shi ba a gama ba. Mma, mahaifiyata, koko da ƙosai take sayarwa a bakin layinmu tun rasuwar Baba. A shekarar ta riƙa ƙara wa kokon ruwa kaɗan kaɗan, har masu saye suka fara tsokanarta.

"Mma, wannan koko ne ko ruwan alwala?"

"Sha ka gode Allah. Uwarka ma haka take damawa bana."

Wuta kuma ita ce shekarar da har tsofaffi suka iya kalmar dumsor, wato kashe-kunna. A ɗauke ta yini guda, a kawo ta ɗan lokaci, a sake ɗaukewa, ba wanda ya san tsarinta.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun kimiyyar kwamfuta. A unguwa ba wanda ya fahimci abin da nake karantawa. Wasu sun ɗauka buga takardu nake koya, wasu gyaran waya. Wani tsoho ya taɓa kawo mini rediyonsa, da na ce ban iya ba ya dube ni da tausayi ya ce to me ake koya muku a can. Malamanmu kuwa kullum suna lissafa mana ƙofofin da karatun yake buɗewa: bankuna, kamfanonin waya, asibitoci, masu tsaron bayanai, har da waɗanda ke zaune a ɗakinsu suna rubuta manhaja wa mutanen ƙasashen waje. Abin da ba sa faɗa da ƙarfi shi ne, kusan duk ƙofofin nan a Akra suke. Ɗan arewa yana buƙatar wani abu da zai riƙe a hannu ya nuna kafin a dube shi. Abin nan a wurinmu shi ne aikin kammala karatu, wanda muke kira furojet.

Biyu biyu aka haɗa mu, ni da Razak muka zaɓi juna. Ba abin mamaki ba ne. Kakanninmu tare suka zo garin nan da fataucin goro, mahaifinsa Alhaji Tanko abokin cinikin Baba ne, shi ya tsaya a kan jana'izar Baba tun daga likkafani har sadakar bakwai. Razak Mma yake kiran mahaifiyata kamar yadda nake kiranta. Shi ke da laftof, gidansu a unguwar Kalpohin akwai janareto. Ni kuwa, ba na son in yabi kaina, amma ina jin ba wanda zai musa cewa ni ke iya rubuta manhajar. Don in yi masa adalci, Razak yana da baiwarsa. Yana da baki. Turanci, Dagbanci, yaren mutanen kudu, duk wanda ya ɗauka sai ka rantse a cikinsa aka haife shi. Shi ya raɗa wa aikin suna, shi ya zaɓi launin shafin farko.

Tunanin aikin daga wahalar Mma ya fito. Famfon unguwarmu ba shi da rana. Mata su jera galan tun safe su zauna jira, wani lokacin ruwan ya zo suna kasuwa, kafin su dawo ya ɗauke. Sai na ce me zai hana a sami mace ɗaya amintacciya a kowace unguwa, da zarar famfo ya fara tari ta aika saƙo, manhaja kuma ta rarraba wa duk matan layin da Hausa ko Dagbanci. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne sa manhajar ta koyi hanyar ruwan, in ya iso wata unguwa ta yi hasashen lokacin da zai kai ta gaba, ta gargaɗi mutane tun kafin ya zo. A kan wannan na ƙarar da azumina.

Ranakun duk iri ɗaya ne. Bayan sallar asuba in ɗaura galan a keke in tafi neman ruwa. In dawo in ɗauki waken da Mma ta jiƙa in kai niƙa. In babu wuta sai in wuce can wurin mai injin gas, inda layi ya kai bakin titi, mata suna faɗa a kan wa ta riga wa. Daga nan in yi wanka da rabin bokiti in hau keke zuwa makaranta. Da azahar kuma farautar wuta ta fara, domin batirin laftof ɗin Razak ba ya jimawa.

Maƙwabciyarmu Madam Efuwa ita ta cece ni. Malamar firamare ce, Kirista, 'yar kudu, ta daɗe a Tamale har ta iya Hausar kasuwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu amma layin wutarta daban ne, wani lokacin tamu ta tafi tata tana nan. Sai in ji ta daga bayan katanga.

"Nuhu, wuta ya zo. Kawo abin naka da sauri kafin ya gudu."

In zauna a barandarta a kan benci, laftof a cinya, zafinsa yana ƙona ni. Ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. In yunwa ta kama ta sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ni kuwa ina jin ƙarar cokali, ina jin ƙanshin kifi, in yi kamar ban ji ba. Firjinta cike yake da robobin ruwan mutanen layi, kowa ya ɗaura wa tasa zare don ya gane ta da magariba.

Wanda bai taɓa rubuta manhaja da yunwa ba ba zai gane ba. Bayan la'asar haruffa sukan fara iyo a kan allon. Kuskure ƙarami, wanda da safe zan gani da kallo ɗaya, sai ya cinye mini yamma guda. Harshena ya manne, kaina ya riƙa sara ta gefe ɗaya, kwaɗi suna ta kuka a kwata suna kiran ruwan da ya ƙi zuwa. In na ji Mma ta fara zuba ƙullu a mai, sai in rufe laftof in je in taya ta ƙulla koko a leda. Abin da ya rage a ƙasan tukunya shi ne buɗa-bakinmu, da ƙosan da ya ƙone, sai tuwo da miyar kuka da ba ta san nama ba.

Ranar da wutar Madam ma ta tafi sai in taka keke zuwa Kalpohin. Nakan sami Razak kwance a ƙarƙashin fanka, riga a ɗage.

"Ya aiki, Farfesa?"

"Akwai wani wuri da ya ƙi. Zo ka duba, ko za ka ga abin da ban gani ba."

"Ni? Rufa mini asiri. Kai ne ƙwaƙwalwa, ni ne baki. Ranar da za a yi magana ka tashe ni."

Mukan yi dariya. Har ga Allah a lokacin abin bai dame ni ba.

Ana dab da shiga goman ƙarshe ruwan ya sauko. Da yamma ne, Mma tana tsakiyar suya. Iska ta fara kwashe murfin tukunya, sai ga shi kamar ana juye randa. Rufin kwano ya ɗauki ƙara har ba ka jin kiran salla. Kowa ya fito da abin tara ruwa, baho, tukunya, bokiti, har da kwanon cin abinci. Mma ta tsaya a bakin ƙofa zaninta a jiƙe ta ce, "Gobe gona."

Baba ya bar mana 'yar gona a wani ƙauyen Dagwamba a wajen gari. Tarakta ta riga ta kafce ta, ƙasar tana kwance tana jira. Masara ba ta jiran kowa, in danshi ya wuce ya wuce, kuma wannan gonar ita ce abincinmu na shekara. Da sassafe na kai wa Razak laftof ɗinsa na ce zan yi kwana biyu ko uku. Manhajar a lokacin ta tashi, hasashen ma ya fara daidaita.

Ya tashi zaune. "Ka tabbata komai yana aiki?"

"Ina jin haka."

"To nuna mini yadda ake kunna ta tun daga farko. Kar a ce abokin aikinka ko buɗewa bai iya ba."

Na ji daɗi. Na ce a raina yau dai Razak ya waiwayi karatu. Na zauna na nuna masa komai, inda zai danna, abin da zai ce in an tambaye shi yadda hasashen yake aiki. Na maimaita masa har ya haddace. Mma tana can tana jirana a bakin hanya da buhun iri.

Shukar nan ba zan manta da ita ba. Matan ƙauyen suka fito taya mu, kamar yadda Mma take taya su da sabulu da gishiri in sun shigo gari. Ni da wani dattijo muna gaba da sanduna muna huda ƙasa, mata suna biye da ƙorai, su jefa ƙwaya su rufe da diddige. Laka ta kama ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura maka dutse. Rana ta fito bayan ruwa, irin mai tururin nan da take dafa mutum daga ƙasa. Ga ruwa kwance a ko'ina, a kunya, a ganye, a sawun shanu, ba halin ka kai baki. Da azahar muka kwanta a ƙarƙashin kaɗanya ba mai iya magana. Da magariba 'ya'yan kaɗanyar da suka faɗo muka tsinta muka buɗe baki da su, zaƙinsu har cikin kai. Wayata ta mutu tun ranar farko, ƙauyen ba wuta. Ban damu ba. Wa zai neme ni?

Muka dawo hannuna duk kanta. Muka kare aikinmu a gaban malamai, Razak ya yi magana, ni na amsa tambayoyi, aka ba mu sakamako mai kyau. Na lura ba ya son haɗa ido da ni, amma na ɗauka gajiyar azumi ce.

Ranar Salla, bayan an sauko daga Idi, sai ga Alhaji Tanko da Razak da wasu dattawa biyu a gidanmu. Al'adarmu ce, kowa ya sani. Ranar nan ana zaga dangi da maƙwabta, ƙarami ya durƙusa wa babba, a nemi gafarar juna, a wanke abin da ya taru a shekara. Ba a tambayar mutum me ya yi. Tambayar ma rashin kunya ce. Razak ya durƙusa wa Mma ta sa masa albarka. Sannan ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu. Idonsa ya yi ja.

"Nuhu, mun zauna tare shekara huɗu. Duk abin da na yi maka, na sani da ban sani ba, ka yafe mini."

"Haba Razak, me ka yi mini? Na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini."

Alhaji ya gyaɗa kai ya dubi dattawan. "Kun dai ji. Allah ya yi muku albarka, ya bar zumunci."

Aka shafa fatiha. Mma ta kawo musu shinkafa da ɗan naman da ta yi dabara ta samo. Razak ya ci ya ƙara.

Ba a yi mako ba Madam Efuwa ta kira ni ta katanga. Wannan karon ba wuta ba ce.

"Nuhu, na ji abokinka a rediyo. Yana maganan famfo, yana maganan mata da galan. Na jira sunanka, na jira, har aka sa waƙa. Wannan ba abin da ka yi a baranda na ba ne?"

Na tafi makaranta wurin malamin da ya duba aikinmu. Shi ya warware mini. A kwanakin da nake gona wasu mutane daga wani kamfani a Akra sun zo sashenmu neman aikin ɗalibai da za su ɗauka, su horar da mai shi, su ba shi gurbi. An sanar tun kafin ruwan nan, Razak aka ba saƙon don ya gaya mini, shi kuwa ya ɓoye. Ya tsaya shi kaɗai ya nuna manhajar. Da aka tambayi abokin aikinsa ya ce na tafi noma, ba ni da niyyar barin mahaifiyata, kuma dama gwaji kawai na taya shi.

Malamin ya cire tabarau ya ce, "Ni na san wanda ya rubuta. Amma ba ka zo ba, Nuhu. Mutum ba ya barin irin wannan rana ya tafi shuka."

Na gaya wa Mma. Ta yafa mayafi ta tafi Kalpohin da ƙafarta. Ta dawo bayan la'asar ta zauna a kan turmi ba ta cire mayafin ba.

"Alhaji ya ce yaro ya yi kuskure, amma ya zo har gida ya durƙusa, an yafe masa a gaban mutane. Ya ce abin da aka binne ranar Salla ba a tone shi."

"Mma, ban san abin da nake yafewa ba."

"Na sani. Amma da bakinka ka faɗa, ina wurin. Mutumin nan shi ya sa ubanka a kabari. Ka bar wa Allah, don darajata."

Na bari, in dai shiru shi ne bari. Na taɓa zuwa wurin wani malami na tambaye shi ko yafiyar da aka karɓa a rufe tana ɗaure mutum. Ya yi dogon bayani, ya kawo wannan ya kawo wancan, na fito ban san ko e ya ce ko a'a ba. Abin da na sani shi ne an zo gidanmu da shiri. An zaɓi ranar, an zaɓi shaidu. Tarbiyyar da Mma ta yi mini ita aka ɗaure ni da ita.

Masarar ta yi kyau a shekarar, wannan ma gaskiya ne. Mun ci har wata damina.

Razak ya tafi Akra. Ni na yi hidimar ƙasa a wani ofis inda kwamfuta ɗaya ce, an lulluɓe ta da zani kamar amarya, aikina buga wasiƙu. Bayan nan na koyar a wata makaranta, na zauna a rumfar gyaran waya, abin da na rantse ba zan yi ba. Na shiga silin wani asibiti mai zaman kansa ina jan wayoyin intanet, ɓeraye suna bi ta kan ƙafata. A hankali na sake karatu ta waya, na ci wasu jarrabawa, har na sami inda nake yanzu, ina kula da bayanan wata ƙungiyar manoma. Aiki ne mai mutunci, sai dai kwantiragi ne na shekara shekara, na bana kuma bayan Salla zai ƙare, ba wanda ya ce mini komai tukuna. Manhajar famfo kuwa ba ta shekara ba ta mutu, don ba mai iya gyara ta. Matan layinmu da suka ba ni lambobinsu sun daɗe suna tare ni suna tambaya ina saƙon ruwa. Har yau galan suke jerawa. Hotunan Razak dai ina ganinsu, yana riƙe da makirfo, an rubuta mai kamfani a ƙarƙashin sunansa.

Washegarin kiran nan, ranar Laraba, Razak ya zo shan ruwa kamar yadda ya ce. Motarsa ba ta shiga layinmu ba, sai da aka ɗauko kayan a ka: shinkafa, sukari, madara, atamfa. Ya yi ƙiba. Ya durƙusa wa Mma har ƙasa, ya sha kokonta ya ce duk Akra babu irinsa. Sai da ta shiga salla ya matso kusa da ni.

Wasu masu ba da tallafi ne daga waje suke son zuba kuɗi a farfaɗo da aikin ruwan, a faɗaɗa shi zuwa garuruwan arewa. Sharaɗinsu ɗaya, sai sun ga babban injiniyan kamfanin ido da ido, kuma ya zama mazaunin Tamale. Yaran da ke rubuta masa manhaja sun watse, bai faɗi dalili ba, ban tambaya ba. Kamfanin, in na fahimce shi daidai, wannan tallafin ne kawai ya rage masa.

"Na riga na ba su sunanka. Ranar Litinin za mu gana a otal. Ka ce tun farko muna tare, ai ba ƙarya ba ne. Ka ga Allah ya kawo lokacinka."

Ya faɗi albashin. Ban taɓa jin an haɗa sunana da irin wannan adadi ba. Mma ta fito ta ji ƙarshen maganar, fuskarta ta washe. Gwiwoyinta sun gaji da zaman suya, rufinmu yana yoyo, maganar aurena an ɗaga ta har na daina ƙirgawa.

Na ce, "Bari in duba."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Nuhu ke nan. Ko aljanna aka ba ka sai ka ce bari ka duba."

Na duba ɗin kuwa. Ni mutum ne mai tsoron kuskure, ko saƙo zan aika sai na karanta shi sau da yawa. Na auna abin ta kowane gefe. Na ce wataƙila ya canza. Na ce wataƙila wannan ita ce hanyarsa ta biya, tunda wasu ba su iya ba da haƙuri da baki ba. Na ce ko don matan layi. Amma duk inda na juya sai in dawo wuri ɗaya: wancan karon ya cire sunana bai tambaye ni ba, wannan karon ya sa sunana bai tambaye ni ba. Na yi tunanin in ƙi zuwa kawai, in kashe waya. Sai na ga in ban je ba zai tsaya shi kaɗai ya faɗa musu inda na tafi, kuma ya iya wannan.

Ranar Litinin na goge kaftanina na je. Ɗakin taron da sanyi, robobin ruwa a jere a kan tebur. Wata Baturiya ce mai furfura da wani mutumin Akra. Razak ya gabatar da ni da kalmomin da ban taɓa jin ya faɗa a kaina ba. Matar ta yi murmushi ta tambaye ni da Turanci tun yaushe nake jagorantar injiniyoyin kamfanin.

Na ce ba na aiki a kamfanin, ban taɓa yin ko yini ɗaya a cikinsa ba, ban kuma yarda a ba da sunana ba. Na ce manhajar farko ni na rubuta ta muna ɗalibai, malaminmu yana raye in suna son tabbatarwa. Dalilin da ya sa ba su taɓa jin sunana ba sai yanzu kuwa, ga mai kamfani nan, ya fi ni iya bayani.

Mutumin Akra ya rufe laftof ɗinsa a hankali. Na yi musu godiya na fito.

A wurin ajiye babura Razak ya cim mini, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Da azumi a bakinka, Nuhu?"

"Da azumi a bakina. Shi ya sa ban yi musu ƙarya ba."

"Ka san mutum nawa ke ci a ƙarƙashina? In ba ka so, me ya hana ka gaya mini tun ranar Laraba?"

"Ban sami dama ba. Ka san yadda saƙo yake ɓacewa a hanya."

Ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Sai da na buga babur ɗin sau da yawa kafin ya tashi. Ya ga hakan, ban damu ba.

Na gaya wa Mma kafin wani ya riga ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira mai yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ta sa aka kwashe shinkafar da sukarin da atamfar aka mayar Kalpohin, ta ce ba za ta ci kayan mutum ɗanta ya karya shi ba. Tun ranar in na gaishe ta takan amsa a taƙaice. Alhaji ya aiko a kira ni, na ce zan zo in na sami sarari. An ce masu tallafin sun koma, an ce motar Razak tana wurin dillalai, ban tabbatar ba. Kwantiragina yana nan yana ƙarewa, rufinmu yana nan yadda yake, damina kuma tana tafe.

Ni mai yawan nadama ne, ko ƙaramar magana na faɗa sai ta hana ni sukuni. Saboda haka na zauna ina jiran wannan ta zo, na san za ta yi nauyi. Kowace safiya nakan bincika zuciyata a tsanake, lungu lungu, don kar in cuci Razak ko da a wannan ne. Har yau da nake rubutun nan ban same ta ba.